Dandamali ko aji: zaɓi tsakanin wasan mutum ɗaya da koyar da ba da labari

Akwai mutumin da in ya fara ba da labari a majalisa, shayi kan huce a hannun mutane ba su kurɓa ba. Irin wannan in ya yi niyyar cin abinci da bakinsa ba tare da ya shiga harkar fim ba, hanyoyi biyu ne suka fi kusa da shi. Ko ya hau dandamali shi kaɗai ya riƙe 'yan kallo awa guda yana sauya murya da jiki daga wannan mutum zuwa wancan, ko kuma ya zama malamin da ke koya wa yara da manya yadda ake ba da labari. Daga nesa sai a ce sana'a ɗaya ce, tunda kayan aikin duka baki ne da jiki da labari. Da an matso kusa za a ga mai biyan kuɗin daban ne, lokacin shigowar kuɗin daban, abin da ke durƙusar da kowace ma daban.

Babu wadda baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Ɗankama tun can shi kaɗai yake tsayawa a kasuwa ko gidan biki, ya ɗauki waƙar da kowa ya sani ko salon karatun malamai ya juya su zuwa zancen tuwo da miya, mutane suna dariya suna ba shi abin da ya sawwaƙa. Tatsuniya kuwa a ɗakin kaka ko na amarya ake koyon ta da dare, babu wanda ya taɓa kiran abin darasi. Wannan asali har yau yana bin sana'o'in biyu. Mai tsayawa gaban jama'a ya ba su dariya, ko da digiri gare shi, wasu dangi a layin maroƙa za su sa shi, kuma ranar neman aure maganar za ta taso. Wanda ya shiga aji kuwa sunansa Malam ko Malama tun ranar farko. Ga mace bambancin ya fi girma: tatsuniya dama a hannun mata take, don haka aji da gidan rediyo ba sa jawo mata surutu, amma tsayawa ita kaɗai a zauren da aka sayi tikiti abu ne da sai ta shirya wa maganganu.

Abin da wasan mutum ɗaya ke ci

Wasan da za a saya wa tikiti yakan kai minti 45 zuwa 60. Ƙasa da haka mai kallo zai ji an cuce shi, fiye da minti 70 kuwa mutum ɗaya da ƙyar yake riƙe zaure. In aka lissafa da shiru da 'yar waƙa da jiran dariya ta lafa, bakin ɗan wasa ba ya wuce kalma 120 a minti, wato rubutun wasan zai kama kalma 5,500 zuwa 7,000. Duk a ka za su zauna. Babu abokin wasan da zai tuna maka layi, babu labulen da za ka shiga ka numfasa. Masu harkar suna da wani ƙiyasi da ya daɗe yana aiki, cewa kowane minti ɗaya a kan dandamali yana buƙatar kusan awa ɗaya ta gwaji. Wasan minti 50 ke nan awa 50, ban da watannin rubutu. Wanda ke da wani aikin da rana ya sa wa kansa wata huɗu zuwa shida kafin fitowar farko.

Inda sababbi suka fi faɗuwa shi ne sauya mutane. Ɗauki wurin da Gizo ya zo gaban sarki kai ƙara. Sabon ɗan wasa zai tsaya a hagu ya yi maganar Gizo, ya ruga dama ya zauna ya yi ta sarki, ya sake rugowa. Kafin a yi musayar magana huɗu ya fara haki, labarin kuma ya mutu a tsakanin gudun. Gwani ƙafarsa ba ta motsi. In Gizo ne, sai ya sauke kafaɗa ɗaya, ya karkata wuya, idonsa ya kalli sama ta ɓangaren dama inda sarki yake, ya saki tsamin bakin nan: "Yanka ya daɗe." In sarki ne, sai ƙirji ya buɗe, haɓa ta ɗan ɗaga, ido ya sauka ƙasa ta hagu, maganar ta fito a hankali daga ciki. Abu uku kacal suka canza, wurin da ido ke kallo, yadda kashin baya ya tsaya, da inda murya ke fitowa, kuma sauyin bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Sharaɗin shi ne kowane mutum ya riƙe wurin kallonsa har ƙarshen wasa. In sarki yana dama a farko, ya koma hagu a minti na ashirin, 'yan kallo sun ɓace ke nan, ba za su san dalili ba, za su dai fara duba waya.

Saboda haka kada mutanen cikin wasan su wuce biyar ko shida, kuma kada fiye da uku su haɗu a fage ɗaya. Sauya kaya ma tarko ne. Hula ɗaya, ko gyale ɗaya da zai zama rawani yanzu, anjima ya zama goyo, ya fi akwati cike da riguna.

Sunan wasan ne na mutum ɗaya, aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Dole a sami darakta, ko aƙalla wani mai ido da zai zauna a kujerar baya ya ce nan ba a ji ka ba, nan ka yi sauri, wannan barkwancin kai kaɗai yake ba dariya. Madubi ba ya wannan aiki, ɗaukar bidiyo da waya yana yin rabi. Ranar wasa kuma ana buƙatar mai kula da sauti da mai tsaron ƙofa. Kayan aikin ba su da yawa: makirufo maras waya wanda ake maƙalawa a kunne don hannuwa su sami 'yanci, lasifika mai batir, fitila biyu, kujera ɗaya marar hannu. Sabon batir ake sa wa makirufo kafin kowane wasa ko da na jiya bai ƙare ba, domin in ya mutu a tsakiya babu wanda zai riƙe fage kafin a canza. Lasifika a gaban ɗan wasa take zama tana fuskantar jama'a. In ya shiga gabanta da makirufo, ƙarar nan mai huda kunne za ta tashi. Janareto kuwa a kai shi bayan gini da doguwar waya, don wasan mutum ɗaya da shiru yake aiki, kuma ba a yin shiru a kusa da janareto.

Karatun jami'a ba sharaɗi ba ne, amma yana gajarta hanya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da wasan kwaikwayo tun 1975, da dandalinta na ginin ƙasa da kuma al'adar kai wasa ƙauyuka don wayar da kai. Jami'ar Bayero da ta Jos su ma suna da sashen. Galibi ana neman kiredit a adabin Turanci kafin a ɗauki ɗalibi, abin da ke tare wa masu baiwa da yawa hanya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke raba gardama. A ce zaure mai kujera 150, tikiti naira 2,000. A takarda naira 300,000 ke nan. A aikace, sabon suna in ya sami mutum 90 ya gode wa Allah, kuma a cikinsu ashirin 'yan uwa ne da abokai da ba za a iya karɓar kuɗinsu ba. Saura 70, wato naira 140,000, daga ciki za a biya hayar zaure, mai sauti, man janareto da talla. Abin da ya rage ba zai biya wata biyar na shiri ba. Wasan mutum ɗaya ba ya mayar da kuɗinsa a dare ɗaya, sai an maimaita shi sau ashirin, sau talatin, a garuruwa daban-daban, domin wahalar ƙirƙira sau ɗaya ake shan ta, kayan kuma duk suna shiga but ɗin mota ɗaya. Wannan ita ce babbar fa'idarsa a kan ƙungiya mai mutum goma sha biyar.

Ƙari a kan haka, Bahaushe ya fi sabawa da liƙi da kyauta bayan ya ji daɗi, a kan biya a ƙofa kafin ya ga komai. Shi ya sa mafi yawan abin da ɗan wasa zai samu daga gayyata yake zuwa: bikin raba kyaututtuka na makarantu, liyafar aure, taron ƙungiyoyi masu son a isar da saƙon rigakafi ko karatun 'ya'ya mata. A nan ƙa'ida ɗaya ce, a karɓi rabi kafin alƙalami, a rubuta tsawon wasan da lokacin hawa. Wanda bai rubuta ba zai tarar an tura shi bayan jawabai tara, daidai lokacin da aka fara raba abinci, kuma babu gwanin da ke cin nasara a kan shinkafa. A Kano, kafin a buga talla a nemi sanin ƙa'idar Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001. Bukukuwan masu ba da labari irin Gatan-Gatan na Dogondutsi a Nijar da Yeleen na Bobo-Dioulasso a Burkina Faso suna buɗe ido da haɗa mutum da abokan sana'a, amma ba a gina kuɗin cefane a kansu. Ko bikin wasanni na Fringe a Edinburgh ta Sikotilan, wanda aka fara a 1947 kuma ake yi a watan Agusta, ɗan wasa ne ke biyan kuɗin zaurensa, kuma da yawa da bashi suke komawa gida.

Aji kuma fa

Malamin ba da labari abin da yake sayarwa shi ne canjin da za a gani a bakin wani. Shugabar makaranta ba ruwanta da yadda ka iya muryar kura. Tana so a ƙarshen zango yarinyar da ba ta iya ɗaga kai a aji ta tsaya gaban iyaye ta yi magana minti uku. Wannan ne ya sa gwanayen dandamali da yawa ba sa iya koyarwa. Sun saba ido yana kansu, sai su cinye minti talatin cikin arba'in suna wasa, yara su yi ta dariya, a tashi babu wanda ya koyi komai. A darasi mai kyau bakin malam bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na lokacin ba.

Ga yadda darasin minti 40 ke tafiya da yara 'yan shekara bakwai zuwa goma. A ture bencina a zauna da'ira. Malama ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta," ta ba da tatsuniyar da ba ta wuce minti takwas ba, mai waƙa a ciki wadda za su riƙa amshi. Bayan "ƙurunƙus" ba ta tambayar darasin da labarin ya koyar, domin wannan tambaya ita ke mayar da tatsuniya jarrabawa. Tambayarta ita ce: me ya fara faruwa, sai me? A haka za su fitar da ƙashin labarin, gaɓa biyar zuwa bakwai, ta zana kowace a allo da ɗan hoto maimakon rubutu. Daga nan a raba su bibbiyu, kowa ya ba ɗan uwansa labarin cikin minti uku, ajin ya kaure da surutu, wanda shi ne alamar aiki na tafiya. Minti goman ƙarshe mutum biyu ko uku su fito, sauran su faɗi abu ɗaya da suka gani a idon zuciyarsu lokacin da ake ba da labarin. Gyara ba a yin sa a gaban jama'a a makonnin farko. Yaron da aka gyara wa kuskure a tsakiyar labarinsa na farko, da wuya ya sake ɗaga hannu a zangon.

Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne. Na farko hadda: in aka ba yaro rubutacciyar tatsuniya ya haddace kalma da kalma, ranar da kalma ɗaya ta ɓace duka ginin ya rushe, sai ya tsaya yana kallon silin. Wanda ya riƙe gaɓoɓi da hotuna kuwa in ya manta zai ƙirƙiro hanya. Na biyu kwaikwayon malam, inda yara ashirin za su fito da murya ɗaya da ɗaga hannu iri ɗaya. Maganinsa a tura su gida su karɓo labari daga bakin kaka ko gwaggo. Na uku yawa. Wannan tsari yana aiki da yara 15 zuwa 25. A makarantar gwamnati mai yara tamanin ko ɗari a aji ɗaya, sai dai a koma amshi da waƙa, ko a kafa kulob na bayan tashi. 'Yan shekara huɗu zuwa shida kuma labarinsu kada ya wuce minti biyar, da maimaici mai yawa. Wani lokaci yaro zai ce an hana tatsuniya da rana. Amsa cikin raha ta wadatar, ba sai an yi wa camfin dogon bayani ba.

Koyar da manya, kamar malaman firamare, masu gabatar da shiri a rediyo ko ma'aikatan lafiya, ya fi kawo kuɗi a yini ɗaya, amma lissafin lokaci ne ke kayar da mutane. Mutum 14, kowa minti biyar na labari da biyar na sharhi, minti 140 ke nan a zagaye ɗaya. Zagaye biyu da hutun salla da abinci sun cinye yinin. In mai gayyata ya ce zai kawo mutum arba'in, a gaya masa gaskiya cewa lacca zai samu.

Malami yana buƙatar rumbu. Ɗan wasa zai iya yawo da wasa ɗaya shekara biyu, amma mai shiga aji ɗaya duk mako yana buƙatar aƙalla labari talatin a shekara, waɗanda ya tace. Tarin Frank Edgar mai juzu'i uku da aka buga tsakanin 1911 da 1913, da littattafan tatsuniyoyi na Ibrahim Yaro Yahaya da aka daɗe ana karantawa a firamare, mafari ne mai kyau. Sai dai tsofaffin tarin akwai batsa da zubar da jini da zagin wasu ƙabilu a ciki, don ba don aji aka tattara su ba. A karanta kafin a shiga, kada a buɗe a gaban yara.

Ta fuskar takarda, mai son albashi a makaranta yana buƙatar shaidar malanta ta NCE, karatun shekara uku, ko difloma ta koyarwa bayan digiri, sannan rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN. Babu gurbi mai suna malamin tatsuniya a jadawali; ta ƙofar darasin Hausa, ko ajin ƙananan yara, ko ɗakin karatu ake shiga. Wanda ba ya son albashi zai iya ƙulla yarjejeniyar kulob da makarantun kuɗi uku ko huɗu, a biya shi a kan zango na mako goma sha biyu. Wannan ya fi, domin mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma ƙananan makarantun kuɗi da yawa ko shi ba sa kaiwa. Rauninsa shi ne dogon hutu, lokacin da babu ko sisi sai in an shirya ajin hutu. Ayyukan ƙungiyoyin agaji na koyar da karatu da Hausa suna biya da kyau in suna nan, amma kwantiragi ne, yana ƙarewa ranar da mai ba da tallafi ya janye.

Inda suka haɗu

Murya ce jarin duka biyun, kuma abin mamaki malami ya fi ɗan wasa saurin rasa ta. Ɗan wasa awa ɗaya yake yi da makirufo bayan ya ɗumama murya. Malami awa huɗu yake yi yana ƙoƙarin rinjayar surutun yara, cikin ƙurar alli da ta hunturu. Minti goma na gunji a hankali da baki rufe kafin a fara, ruwa mai ɗumi a kusa, da amfani da tafi ko amshi maimakon tsawa, su ne kariya. In murya ta dishe, raɗa ba hutu ba ce, tana ƙara wahalar da maƙogwaro. Shiru ne magani. Dishewar da ta wuce mako uku ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce. Da azumi malami zai yi aikinsa da busasshen maƙoshi, don haka ya rage nasa bakin ya ƙara na yara. Ɗan wasa kuwa ya ɗauka watan hutu ne, domin dare na tafsiri ne da tarawihi, fagen barkwanci kuma 'yan tashe sun riƙe shi. Kasuwarsa tana buɗewa da salla.

Intanet tana taimakon ɗan wasa fiye da malami. Guntun minti biyu a TikTok ko Facebook shi ne tallan da ke kawo gayyata. A YouTube sai an kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu kafin a fara samun rabon kuɗin talla ta hanyar dogayen bidiyo, kuma bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne ana rufe masa sharhi, tallansa ma ba ya kawo abin kirki. Malami kuma kada ya kuskura ya sa fuskar yaran mutane ba da rubutaccen izinin iyaye ba.

Ga wanda ke da iyali ko ba shi da abin da zai riƙe shi wata shida, aji ne mafari mai hankali. Kuɗinsa kaɗan ne amma ana sanin ranar zuwansa, kuma yara su ne 'yan kallon da ba sa munafunci: wurin da suka fara mutsu-mutsu, nan labarin yake da rami. Daga cikin labarai talatin na shekara, uku ko huɗu za su nuna kansu, su ne za a ɗinke su zama wasan dandamali a dogon hutu. Haɗarin wannan hanya shi ne muryar aji ta bi mutum har dandamali, ya riƙa yi wa manya bayani dalla-dalla yana jan kalma kamar yana gaban 'yan aji biyu. Manya suna jin wannan nan take, kuma ba sa yafewa. Wanda kuwa ba ya iya jure ganin wani yana ɓata labarin da shi zai iya bayarwa da kyau, ya bar aji, zai cuci yara ya cuci kansa. Ya nemi wani aikin rana ya gina wasansa da dare.

Kafin a yanke, akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. A shirya labari ɗaya na minti goma sha biyu, a ba da shi gaban mutum talatin da ba dangi ba ne ba kuma abokai ba, a sa wani a baya ya ƙirga sau nawa aka ciro waya. Sannan a tara yaran unguwa goma, Asabar huɗu a jere, da izinin iyayensu, a ga ko a Asabar ta huɗu mafi kunyarsu zai iya kai labari daga "ga ta nan" har "ƙurunƙus" ba tare da an sa masa baki ba. A kuma lura da wace rana ce cikin biyun aka koma gida ana ɗokin a sake.